Rikodar Da Ke Kwana A Daji Tana Sauraren Tsuntsaye

Jama'a, yaushe rabonmu da ganin aku? Da yawa cikinmu mun tashi mun tarar da shi cikin keji a gidajen Zango, mai launin toka da jar wutsiya, yana kwaikwayon sallama. To, wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa daga 1992 ƙasarmu Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta, saboda kamu don sayarwa da kuma sare manyan itatuwan da yake ƙwai a kogonsu. Abin takaicin shi ne, sai da aka yi shekara ashirin da ɗoriya kafin a gane girman ɓarnar.

Dalili kuwa, ƙidayar tsuntsu aiki ne mai wuya. Masani zai shiga daji da asuba, ya tsaya minti goma yana kasa kunne, ya rubuta abin da ya ji, ya ƙara gaba. Tsuntsun da bai yi kuka a lokacin ba, shi ke nan, bai shiga lissafi ba.

Yanzu an sami dabara. Akwai 'yar rikoda mai suna AudioMoth da aka ƙera a Ingila, ba ta fi kwalin ashana da yawa ba, batir uku take ci. A ɗaure ta a jikin itace a tafi, ita kuwa ta yi makonni tana ɗaukar sauti safe da dare. Daga nan sai a ba kwamfuta, inda wata manhaja mai suna BirdNET, wadda Jami'ar Kwanel ta Amurka da wata jami'a a Jamus suka haɗa, ke tantance mai kukan. Ta san muryar tsuntsaye iri fiye da 6,000.

A duwatsun Siyera Nebada na jihar Kalifoniya an kafa rikodoji a wurare sama da 1,600. Wani mujiya da ke neman ƙarewa aka je nema tun farko, sai ga shi sautin da aka tara ya nuna inda sauran tsuntsayen dajin suke zaune, da yadda gobarar daji ke sauya musu mazauni.

Amma fa kwamfuta abin da aka koya mata kawai ta sani. An tara muryoyin tsuntsayen Turai da Amurka jingim, namu kuwa kaɗan ne, don haka a dazukanmu irin su Kakum da Atewa tana yawan kuskure, dole sai mai kunne ya bi bayanta. A ganinmu nan ne mafarautanmu da manoma, waɗanda suka san kukan kowane tsuntsu tun suna yara, ke da abin bayarwa.

Sannan akwai wanda rikoda ba za ta taimaka wa ba. Ungulun da a da ke cika mahautanmu an sa ta cikin jerin masu gab da ƙarewa a 2015, ita kuwa ba ta cika yin kuka ba. Ita kam sai an ƙirga ta da ido.