Maginin Ƙasa da Tsofaffin Sorayen Katsina

Baƙon da aka sauke a tsohon soro cikin birnin Katsina a tsakiyar bazara, sanyin ɗakin ne zai fara ba shi mamaki, alhali waje rana tana ƙuna. Kaurin bango ne ya jawo haka, kuma magini ne ke riƙe da bangon shekara da shekaru.

Daga kududdufi aikin ke farawa. A haƙo jar ƙasa, a da jaki ke kawo ta cikin mangala, yanzu tifa. A jiƙa ta, a zuba busasshiyar ciyawa, leburori su tattake da ƙafa, a bar ta ta tsima. Sannan a mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Magini yana zaune bisa bango, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yaro yana cilla masa tubali daga ƙasa, shi kuma yana cafewa yana jerawa tsini sama, yana cike tsakani da kwaɓi. Ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska.

A wajen rufi ake gane gwani. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a ɗaki mai faɗi. Shi ya sa ake tayar da baka daga bango, ana ɗaure azara kan azara har su haɗu a tsakiya, a sami ɗaurin guga. Bayan nan sai laso, wato katsin marina da gashin jima da dafara, sai makuba daga ɓawon ɗorawa, a kafa indararo, a fitar da zankwaye. Irin wannan hannu ne ya gina Hasumiyar Gobarau da Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu, yau kuma gidan tarihi ce.

Ana biyan magini jinga ko kuɗin yini, daga ciki yake sallamar yaransa. Azara ce ke cin kuɗi, don giginya ta yi nisa. Ruwa sai an saya wajen 'yan garuwa, katsi ya yi wuya tun da marina suka ja baya. Da damina ta sauka aiki ya tsaya, sai gona. Sabon gini kuwa bulo ya ƙwace, abin da ya rage masa shi ne yaɓe da gyaran tsofaffin gidaje.

A ganina nan ne mafitar sana'ar take. A Agadas, wata tsohuwar fada an mai da ita masaukin baƙi, wato Hôtel de l'Aïr, daura da babban masallaci. Katsina ma tana da gidajen manya masu zaure da shigifa da za su iya zama masauki, kuɗin kwanan baƙi ya riƙa biyan yaɓen kowace shekara. Sai dai mai gida ya ji shawarar magini, kada ya shafe bangon ƙasa da siminti, domin laima yake tarawa a ciki, har wata rana ya ɓanɓaro da rabin bangon.