Boris Ba Ya Son Guduma

Jama'a, ga kaka ta gabato. Yau za mu ɗan bar maganar taki da iri, mu duba motar da za ta kwaso mana amfani daga gona. Wanda ya san ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram ya san in an sauka daga kwalta sai dutse da rairayi da kwazazzabo. Galibi sai mota mai ja da ƙafa huɗu ke iya shiga ta ɗauko riɗi da gyaɗa da dawa, watau irin su Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da Land Cruiser ta Japan. To, irin wannan hanya ba abin da ta ke ci kamar aksul na gaba.

Bara na raka wani manomi ɗauko riɗinsa daga wani ƙauye bayan Gwaram zuwa kasuwar Sara. Motar kuwa ba ta fi wata guda da fitowa daga gareji ba. Muna hawa kwalta sai sitiyari ya kama rawa a hannun direba, tilas muka tsaya. Da aka kwance sai ga sabon boris duk ya yi tabo. Ashe da guduma aka kora shi. Muka kwana a hanya, kasuwa ta ci ta watse, manomi ya jira wani mako. Shi ya sa na ce bari in yi muku bayani, domin mai mota da mai haya duka su san abin da za su sa wa ido.

Ga yadda abin ya ke. A kowane gefe na aksul akwai gwiwa wadda ƙafar mota ke juyawa a kanta in an murɗa sitiyari. A Land Cruiser boris biyu ke riƙe da gwiwar nan, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wurin da makanikai ke kira kimfin. Kowane boris kashi biyu ne. Akwai zoben waje, wanda ke zama cikin rami a jikin aksul, akwai kuma na ciki mai 'ya'ya, wanda ke hawa kan turke. Wani Ba'amurke mai ƙera keken doki, Henry Timken, shi ya yi rajistar irin wannan boris mai tsukakken baki a 1898.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne sabon boris ba ya shiga da hannu. Wannan ba laifi ba ne, da gangan aka yi shi haka, domin kada zoben ya riƙa juyawa a mazauninsa ya cinye shi. Saboda haka kada ku yarda a goge turken da fayil don boris ya wuce. In aka rage shi an kashe shi ke nan.

Da fari a wanke rami da turke da kananzir, a shafa da yatsa. In an ji wani ɗan tsini da tsohon boris ya bari, shi kaɗai za a kawar. A gwada lambar sabon boris da ta tsohon. In daga Ƙofar Ruwa ta Kano za a sayo, a tafi da tsohon a hannu.

Na biyu, a yi dabara da zafi da sanyi. Ƙarfe ya kan buɗe in ya ji zafi, ya tsuke in ya ji sanyi. Zoben waje a naɗe shi a leda a sa cikin ƙanƙara kamar awa biyu. Na ciki kuwa a sa shi cikin gwangwanin man inji mai tsabta, a ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwa mai tafasa. Ruwa ba ya wuce digiri 100, masu ƙera boris kuwa sun ce kada a haura 120. Buɗewar ba ta kai kaurin gashin kai ba, amma ta kan isa. Kada a gasa shi da wutar walda ko garwashi, domin ƙarfen zai yi laushi.

Na uku, ƙarfi ya sauka bisa zoben da a ke shigarwa kaɗai, kada ya bi ta kan 'ya'yan. Duka ɗaya ta kansu ya isa ya bar tabo, tabon nan kuwa shi ne mafarin lalacewa. A ɗora tsohon zobe da aka ɗan rage wa gefe, ko sandar tagulla, a riƙa bugawa sannu ana zagayawa. In ya karkace a fitar a sake. Sa'ad da ya zauna za ku ji ƙarar ta sauya.

Na huɗu, maganar shim, watau 'yan falle-fallen ƙarfe da ke ƙarƙashin murfin sama da na ƙasa. Da su a ke daidaita matsin boris, su ne kuma ke tsai da gwiwa a tsakiya. Lokacin kwancewa a ɗaure na sama dabam, na ƙasa dabam, na dama da na hagu kada su gauraya. In an rage shim matsi ya ƙaru, in an ƙara ya ragu. Bayan an ɗaure notuna, tun ba a mai da sil ba, a maƙala sikelin rataye a bakin hannun sitiyari a ja. Land Cruiser iri-iri ce, kowace da adadinta a littafinta, amma galibi tsakanin kilo 2 ne da kilo 6. In ya yi sako-sako ƙafa za ta yi rawa, in ya matse ainun sitiyari ya yi nauyi, boris ya mutu da wuri.

Daga nan sai a cika boris da giris har ya ɓullo tsakanin 'ya'yan, a sa sabon sil. Sil ɗin shi ke tsare ruwan rafi da ƙurar hunturu. Bayan mako guda ana aiki a sake bin notunan da sifana.

Kai kuma mai haya, ga gwaji mai sauƙi. A ɗaga ƙafar gaba da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji tana motsi, sa direba ya taka birki. Motsi ya ɗauke, boris ɗin taya ne. Bai ɗauke ba, kimfin ne, kada ka loda kayanka sai an gyara.

Wannan dabara ta zafi da sanyi ta kan yi aiki ga boris ɗin tarakta da na amalanke da injin ban-ruwa. Aikin yini guda ne, amma gaggawa aikin Shaiɗan. Riɗin da aka yi wata uku ana wahala a kansa bai kamata ya kwana a daji saboda guduma ba. Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa.