Zuciyar Ɗan Sama Jannati da ta Mai Jego

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Katsina zuwa Maraɗi, aka tsayar da shi sa'o'i a kan iyakar Jibiya ana duba takardu, ya san yadda ƙafa kan yi nauyi, takalmi ya matse. Direbobin manyan motoci sun fi kowa sanin wannan. Dalili kuwa shi ne ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, har da jinin jikinmu. In mutum ya daɗe a zaune, sai jini da ruwa su taru a ƙafa, domin tsokar da ke taimakon zuciya wajen tura su sama ba ta motsi.

To, yaya ke nan idan mutum ya je inda jikinsa ba shi da nauyi? Abin da ke samun 'yan sama jannati ke nan. Da zarar kumbo ya fara kewaya duniya, sai ruwan jiki kimanin lita 2 ya bar ƙafafu ya hau ƙirji da kai. Fuska ta kumbura, hanci ya toshe, ƙafafu su zama kamar na balbela. Jiki sai ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa, ya rage shi. Zuciya kuma, da yake aikinta ya yi sauƙi, sai ta fara ragwanci. Ranar dawowa ake ganin ɓarnar: wasu ba su iya tsayuwar minti goma ba tare da jiri ya ɗebe su ba.

Ba kowa ake iya aikawa sama don gwaji ba, saboda haka masana suka nemi dabara a nan ƙasa. A garin Tulus na Faransa da Kolon na Jamus, akan kwantar da mutane lafiyayyu a gadon da aka sunkuyar da wajen kansa da digiri 6, wani lokaci har kwana 60. A kwance suke ci, a kwance suke wanka. (Ɗaliban da sai an buga ƙararrawa sau uku suke tashi, kada su yi marmarin wannan aiki.) Tun 1966 a Dalas ta Amurka an kwantar da samari 5 mako uku. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka ga kwanciyar nan ta fi tsufan shekara 30 rage musu ƙarfi.

Yaya ake ganin zuciya ba a yanka mutum ba? Da na'urar nan da matanmu ke kira sikanin, wadda ake duba ciki da ita a asibiti. Aikinta irin na jemage ne. Tana aika sautin da ya fi ƙarfin kunnenmu, ya bugi naman zuciya ya dawo, ita kuma ta mayar da amsa-kuwwar hoto mai motsi. Likita Edler da masanin kimiyya Hertz suka fara duba zuciya da ita a Suwidin a 1953. A 1982 Bafaranshe Chrétien ya yi aiki da irinta a tashar Rasha ta sama. Da ita ce kuma aka gano gudan jini a jijiyar wuyan wani ɗan sama jannati, labarin da aka buga a 2019, alhali shi bai ji ciwon komai ba.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan? Mu dawo gida. A ƙasar Hausa akwai ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. Wani bincike a Sakkwato a 2007 ya same shi a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Mace sai ta kumbura, ta riƙa haki, ta kasa kwanciya rigingine sai an jingina ta da matasai. Ga inda labarin biyu suka haɗu. Idan ta kwanta, ruwan ƙafa yakan gangaro ƙirji, daidai da na mutanen Tulus. Lafiyayyar zuciya tana iya ɗaukar wannan kaya, raunanniya kuwa sai ruwan ya taru a huhu.

A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry sun bi lafiyar mata 224 masu wannan ciwo a Zariya. Suka zargi kunun kanwa, da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. A 1979 Sanderson da abokan aikinsa suka duba wasu matan da na'urar, suka ga zuciyar da yawansu tana bugawa da ƙarfinta, ruwa ne ya yi mata yawa. Amma magana ba ta ƙare nan ba. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, bai sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin ciwon da waɗannan al'adu ba. Ya fi nuna rama, da rashin ilmi, da hawan jinin ciki. A Yamai ma an lura da ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. A ganinmu, bai dace a ɗora wa kakanninmu laifin duka ba, amma wadda ta riga ta kumbura ba ta bukatar ƙarin kanwa.

Yawancinmu muna da yaya ko inna mai jego a gida. Idan ta fara haki, ko tari ya tashe ta da dare, ko kumburin ƙafa ya ƙi saɓewa, kada a ce ai haka jego yake. A kai ta asibiti a ranar. In likita ya ce a wuce Katsina a yi hoton zuciya, a wuce. Ba allura, ba yanka, kuma yawanci bai wuce sa'a ɗaya ba.