Hoton biki a hannun aboki: Wa ke da iko da shi bayan taro ya watse?

Duk ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da ke zaune a Katsina, Kano ko Abuja, amma tushensa Kankiya ko Kusada, ya san irin wannan kira. Ana saura mako guda ɗaurin aure sai waya ta shigo daga gida: "Abokina, ka taho mana da wayar nan taka mai kyau, kai ne mai hotonmu." Ba a zancen kuɗi, ba a faɗin yawan hotunan da ake so, balle a ware inda za a ɗauka da inda ba za a ɗauka ba. Shi ma wanda aka kira ba ya tambaya, domin a ganinsa ba a ciniki da aboki.

Dalilin wannan kira ba ɓoyayye ba ne. Bikin Bahaushe ba na yini ɗaya ba ne, kuma ɗauko ƙwararren mai hoto ya bi hidima ta kwana uku ko huɗu, musamman idan za a shiga irin su Rimaye, Kafin Soli ko Mawashi, ƙarin nauyi ne a kan sadaki da lefe da kayan ɗaki da abincin baƙi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kowane magidanci yana neman abin da zai zaftare daga lissafin biki. Ga shi kuma wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da suka cika aljihun jama'a suna fitar da hoton da ba ya jin kunyar shiga albam. Sai dai danna waya shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke ɓata zumunci yana zuwa ne kafin a danna, da kuma bayan an watse.

A zamanin fim, al'amarin yana da iyaka ta kansa. Fim guda hoto 36 yake ɗauka, wani ma 24, don haka mai hoto ba ya danna kyamara sai ya tabbatar. Bayan biki sai a kai fim ɗin birni a wanke, a dawo da hotuna a ambulan, a jera su a albam, albam ɗin kuma ya zauna a ɗakin amarya. Wanda duk ya ga hoton, to an yarda ya shiga ɗakin ne. Katangar gida ita ke tsaron hoto, kamar yadda take tsaron mai hoton a jikinsa. Yau aboki guda yana iya ɗaukar ɗaruruwan hotuna kafin la'asar, kuma kafin motocin 'yan ɗaurin aure su wuce Gidan Mutum Ɗaya a hanyarsu ta komawa Kano, hotunan sun riga su isa.

Neman aure ba durƙuso ba ne

A Turai da Amurka akwai masu hoton da sana'arsu ita ce laɓewa a gefe su ɗauki lokacin da saurayi zai durƙusa ya miƙa wa budurwa zobe. Wasu matasan biranenmu sun fara kwaikwayon haka, amma a Kankiya da Kusada, kamar sauran ƙasar Hausa, neman aure aikin manya ne. Baffanni da kawunnan saurayi ne ke zuwa zauren gidan su yarinya da goro da alewa da kuɗin gaisuwa, a yi tambaya, a ba da, a sa rana. Sau da yawa saurayin ba ya wurin, budurwar kuwa tana cikin gida.

Abokin da aka ce ya ɗauki hoton wannan zama ya kamata ya san cewa shi yaro ne a cikin manya. Ba ya tsayawa a kansu, ba ya ce wa dattijo ya gyara zama ko ya maimaita miƙa goro. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, kuma har gobe akwai dattawan da ba sa son a ɗauke su. Kalma guda, "Baffa, an yarda in ɗauka?", ta wadatar. Idan aka ce a'a, hoton tiren goro da dabino ma ya isa abin tunawa.

Wurin da ya fi haɗari shi ne hotunan kafin aure, waɗanda ake ɗaukar saurayi da budurwa tare bayan baiko. Baiko dai alkawari ne, ba aure ba ne, kuma kowa ya san auren da aka sa wa rana ya fasa. Idan hakan ta faru, ana mayar da lefe, ana mayar da kuɗi, amma babu mai iya mayar da hoton da ya shiga wayoyi hamsin. Saurayin yakan wuce abinsa. Yarinyar ce za ta zauna a gari da hoton da duk sabon manemi zai iya cin karo da shi. A ganina, abokin kirki ya ɗauki irin wannan hoto da wayar su masu auren, ba tasa ba, ko kuwa ya ba su shawarar su haƙura har a shafa Fatiha.

Ranar ɗaurin aure

Siga ba ta ɗaukar lokaci. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki a gaban shaidu, liman ya yi addu'a, cikin 'yan mintuna an gama. Ba a maimaitawa. Wanda ya tsaya gaisawa da abokan makaranta a ƙofar masallaci, sai dai ya ji maroƙi yana shelar an ɗaura. Nan ne taura biyu ba ta taunuwa: babban abokin ango, wanda ke tarbar baƙi da rabon abinci da neman motar kai amarya, ba zai iya zama mai hoto ba. Wanda ya karɓi aikin hoto ya sallama cewa shi bai ci bikin ba, aiki ya zo yi.

Akwai kuma matsalar haske, wadda ita ce ke lalata yawancin hotunan ɗaurin aure a wannan yanki. Ana ɗaurawa ne da hantsi ko bayan sallar Juma'a, rana na tsakiya, maza kuma sun sha fararen shaddodi. Kyamara tana auna hasken da ya fi yawa a gabanta, don haka sai ta rage haske saboda farin kaya, fuskoki su fito duhu, hula ta ƙara jefa inuwa a kan idanu. Maganin abin ba sabuwar waya ba ce. A ja ango da abokansa zuwa inuwar bedi ko ta rumfa, mai ɗauka ya taɓa fuskar mutum a kan gilashin waya domin ta auna haske daga nan, sannan ya matsa da ƙafarsa maimakon jawo hoto da yatsa, wanda ke sa shi dishi-dishi. Idan lokacin hunturu ne, wato lokacin da aure ya fi yawa bayan an kawar da amfanin gona, ƙura na kwanciya a idon kyamara, shafa shi da ƙyalle mai laushi kafin kowane zama na gyara abin da ba a zato.

Kai amarya kuwa da dare ake yi, kuma ba a dogara da wutar lantarki. Wanda ya ƙarar da cajinsa a bidiyon walima zai isa gidan ango da matacciyar waya.

Cikin gida ba na kowa ba ne

Kamu da sa lalle da yinin biki taron mata ne. Matan aure suna zuwa da kwalliyar da ba sa fita titi da ita, mayafi yana zamewa, ana rawa, ana guɗa, ana raha irin ta tsakanin mata, saboda kowace ta saki jiki cewa tana cikin 'yan uwanta. Abokin ango ba shi da hurumi a nan, komai kyan wayarsa. Aikin ƙawar amarya ne ko yayarta. Mata masu riƙe kyamara ba baƙin abu ba ne a Arewa yanzu. Fati Abubakar ta Maiduguri ta yi suna a duniya da hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno.

Amma kasancewar mace ce ta ɗauka bai kashe maganar ba. Ƙawa ta ɗauki bidiyon rawa ta ɗora a sitatus ɗin WhatsApp da zuciya ɗaya, tana ganin ai bayan awa 24 zai ɓace. Kafin ya ɓace wani ya sauke, ya tura wa wani, ya faɗa TikTok, mijin wata da ta fito a gefen bidiyon ya gani a shagonsa. Ita ba amarya ba, ba mai ɗauka ba, ba wanda ya tambaye ta, amma ita za ta amsa tambayoyi a gidanta. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Hoto ya fi ta, domin shi ba a musanta shi.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa na ɗauka cewa hoton biki na ango da amarya ne kai tsaye. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta raba abin gida biyu. A ƙa'ida, haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne. Sai dai sashe na 28 ya ce idan mutum ya sa aka ɗaukar masa hoto ko bidiyo don amfanin kansa da iyalinsa, yana da izinin amfani da shi ta hanyar da ba ta kasuwanci ba, kuma yana da ikon hana a wallafa shi, ko a baje shi, ko a yaɗa wa jama'a, matuƙar ba a yi wata yarjejeniya saɓanin haka ba. Wato mai hoto ba zai tallata gwanintarsa a Instagram da fuskar amarya ba idan masu biki sun ce ba su yarda ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 shi ma ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa da gidansa.

Ba kasafai ake kai aboki kotu a kan hoto ba, kuma ba a fata. Amfanin sanin dokar shi ne a gane cewa tambayar "in ɗora?" ba alfarma ba ce da mai hoto ke yi wa masu biki, haƙƙinsu ne. Abin da doka ta ɗora wa wanda aka biya, kunya da zumunci sun fi ɗora wa wanda aka amince masa kyauta.

Ga kuma batun da mutumin Jihar Katsina ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kansa. A inda ake fama da masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto, bidiyon akwatunan lefe a buɗe, da sarƙar gwal, da kuɗin da ake liƙi, da ƙofar sabon gidan amarya, sanarwa ce ga wanda ba a gayyata ba. Katin gayyata da ke yawo da rana da lokaci da unguwa ya riga ya faɗi da yawa, bai kamata hoto ya cika sauran ba. Wayoyi da dama ma suna liƙa wa kowane hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, sai an shiga saitin kyamara an kashe.

Miƙa amana

Ƙorafin da ya fi yawa a kan abokai masu hoto ba munin hoto ba ne, rashin ganinsa ne. Aboki ya koma bakin aikinsa ranar Litinin, ango na jin nauyin matsa masa tunda bai biya ba, wata uku su wuce, sai a ji an sace wayar a tasha ko ta faɗa ruwa. Ya kamata a kwafe hotunan a wuri na biyu tun daren ranar, ko a kwamfuta, ko a memori, ko a ma'ajiyar Google da ke ba kowa gigabayit 15 kyauta. Tura su ta WhatsApp yadda aka saba yana matse su ya rage musu inganci, ta yadda idan aka zo wankewa da girma sai su fashe. Turawa ta hanyar da ake tura takardu na barin hoto da cikakken ingancinsa, amma tana barinsa da bayanin wurin nan da aka ambata, don haka ga ango ko amarya kaɗai ya dace a tura ta nan, ba dandalin abokai ba.

Malick Sidibé, mai hoton Bamako da ya yi ta zagaya bukukuwa da tarukan matasan birnin tun shekarun 1960, ya adana fina-finan hotunansa a cikin kwalaye shekara da shekaru. Da su aka sake wanke hotunan da suka kai shi ga lambar Zakin Zinare a bikin baje fasaha na Venice a 2007. Waya ba ta da irin wannan tsawon rai. Zaɓen hotuna ashirin ko talatin a kai su shago a wanke a takarda shi ne kyautar bikin da ta fi dacewa da wanda ya riƙe kyamara.

Ango kuma kada ya fake da abota. Kuɗin mota daga Kano ko Katsina, da data, da kuɗin wanki, duk daga aljihu suke fita, kuma faɗin "ga wannan ka sa mai" tun kafin biki ya fi godiyar baki bayansa. A wannan zaman ne kuma ya kamata a yanke sauran: wa zai ɗauki na maza, wa za ta ɗauki na mata, waɗanne za a iya ɗorawa, yaushe za a miƙa. Da zarar hotunan sun isa hannun masu su, kuma an tabbatar sun buɗe, waɗanda aka ɗauka a cikin gida ba su da sauran dalilin zama a wayar da ba ta gidan ba. A goge su, har da kwandon shara na wayar, inda hoton da aka goge kan zauna kimanin wata guda kafin ya tafi gaba ɗaya.