BABBA DA ƘARAMI A MA'AIKATA: WA AIKI YA FI CI?

A tsakiyar birnin Landan akwai wani babban titi da ake kira Whitehall. Nan ne ofisoshin ministocin ƙasar Ingila suke jere, har ya zamana in an ce Whitehall, to gwamnati da ma'aikatanta ake nufi. A cikin waɗannan ofisoshi ne likitoci suka shafe fiye da shekara hamsin suna bin diddigin lafiyar ma'aikata. Abin da suka gano ya rushe wata magana da kowa ya ɗauka gaskiya ce.

Maganar kuwa ita ce, wai nauyin aiki manya yake kashewa. Darekta shi ne mai sa hannu, shi ne mai amsa tambayar minista, shi ne ba ya barci in al'amari ya lalace, saboda haka shi ne ciwon zuciya zai fara kayarwa. Ƙaramin ma'aikaci kuwa, da lokacin tashi ya yi sai ya rufe aljihun teburinsa ya kama hanyar gida, babu abin da ya dame shi. Har wani gwaji aka riƙa kafa hujja da shi. A shekarar 1958 wani masani a Amurka mai suna Joseph Brady ya ɗaure birai biyu-biyu, ana sakar musu lantarki lokaci-lokaci. Ɗaya yana da abin dannawa da zai hana lantarkin taɓa su duka, ɗayan kuwa ba shi da ikon komi. Masu dannawar su ne suka kamu da gyambon ciki. Aka ce, to ga shi nan, shugabanci ciwo ne. Daga baya aka lura Brady ya zaɓi biran da suka fi saurin dannawa ne ya ba su wannan aiki, watau waɗanda dama can suka fi firgita. Da wani masani, Jay Weiss, ya sake gwajin da ɓeraye ba tare da irin wannan zaɓe ba, sai labari ya juya: waɗanda ba su da ikon komi su ne suka fi jigata.

A shekarar 1967 aka soma binciken Whitehall na farko. An auna ma'aikatan gwamnati maza wajen 18,000, aka duba jininsu da zuciyarsu da nauyinsu, aka tambayi kowa ko yana shan taba, kana aka rubuta matsayinsa a wurin aiki. Matakai huɗu aka yi: manyan masu tafiyar da mulki, sai ƙwararru da masu zartarwa, sai akawuna, sai na ƙasa duka, irin su ƴan aike da masu tsaron ƙofa. Daga nan sai jira, duk wanda ya rasu a rubuta abin da ya yi ajalinsa.

Wanda ya fi shahara da wannan aiki shi ne Michael Marmot, likita ne haifaffen Landan wanda ya tashi a Ostareliya. Kafin ya komo Ingila ya yi nazari a kan Japanawa mazauna Japan da Hawai da Kalifoniya, ya ga yadda ciwon zuciya yake ƙaruwa gwargwadon yadda mutum ya rabu da zaman al'adarsa. Ke nan ya riga ya san cuta ba a cikin jini kaɗai take ba, tana kuma cikin irin zaman da mutum yake yi.

Sakamakon da ya fito a 1978 ya nuna cewa, cikin shekara bakwai da rabi, mutuwar ciwon zuciya tsakanin ƴan aike ta ninka ta manyan shugabanni fiye da sau uku. Bayan shekara goma aka sake lissafi da dukan cututtuka, aka tarar na ƙasa suna mutuwa wajen ninki uku na na sama.

Mai karatu zai ce, ai wannan ba labari ba ne, talauci ne. To ba a nan gizo yake saƙa ba. Babu ko ɗaya daga mutanen nan da yake kwana da yunwa. Kowa yana da albashi ƙarshen wata, da fansho in ya tsufa, kuma tun 1948 ganin likita kyauta ne a Ingila ga kowa da kowa. Ba masu fasa dutse ba ne, ba masu shiga rami haƙar gawayi ba ne, mutane ne masu zama a inuwa da alƙalami. Abin da ya fi ɗaure kai kuma shi ne, bambancin bai tsaya tsakanin na can sama da na can ƙasa ba. Hawa-hawa ne kamar tsani. Ƙwararre mai digiri, mai gida da mota, ya fi darektansa kusa da ciwon zuciya. Akawu ya fi ƙwararren. Ɗan aike ya fi akawun. Kowane mataki ya fi wanda yake bisansa rashin lafiya.

Sai aka koma kan taba da hawan jini da kitsen jini da ƙiba, don lalle ƙananan ma'aikata sun fi shan taba. Amma da aka cire rabon waɗannan duka a lissafi, ba su bayyana ko rabin bambancin ba. Babba mai shan taba da ƙarami mai shan taba, har yanzu ƙaramin ya fi shiga haɗari.

Don neman ragowar ne aka buɗe Whitehall na biyu a 1985, da ma'aikata 10,308 masu shekara 35 zuwa 55, daga ma'aikatu ashirin. Wannan karo an sa mata, kusan kashi ɗaya bisa uku. Tambayoyin ma sun sake. Ana tambayar mutum: kai kake tsara aikinka, ko tsara maka ake yi? Kana da ta cewa a kan lokacin hutawarka? Ana neman shawararka? In ka shiga wuya, shugabanka yana tallafa maka? An gina tambayoyin bisa ra'ayin wani masani Ba'amurke, Robert Karasek, wanda ya bayyana a 1979 cewa yawan aiki shi kaɗai ba shi ne cuta ba. Cutar ita ce a ɗora wa mutum aiki mai yawa a kuma hana shi ikon yadda zai yi shi.

A 1997 amsa ta fito. Ma'aikatan da ba su da iko a kan aikinsu sun kusa ninka masu ikon wajen kamuwa da ciwon zuciya, kuma wannan rashin iko shi ne ya ɗauki rabo mafi girma na bambancin da ke tsakanin matakai. Darekta yana da aiki jingim, gaskiya ne, amma shi ne mai cewa wannan takarda yau, waccan gobe. Mai buga takardu kuwa sai abin da aka ajiye gabanta, a lokacin da aka ga dama, kuma in an yi kuskure ita za a fara kira. Likitoci sun bayyana yadda abin yake bi ta jiki. In mutum ya firgita, jikinsa yana sakin wasu sinadarai da suke hanzarta bugun zuciya, su ɗaga jini, su ƙara sukari, don ya samu ƙarfin gudu ko na faɗa. Wannan alheri ne ga wanda ya haɗu da zaki sau ɗaya. Amma ga wanda zakinsa yake zaune a ofis na kusa, safe da yamma, shekara da shekaru, jijiyoyin jini ne suke biyan bashin.

Akwai wani darasi da ya zo wa masu binciken ba tare da sun shirya shi ba. Ana cikin aikin sai gwamnatin Ingila ta yi niyyar sayar da ma'aikatar da ke kula da gine-ginenta ga ƴan kasuwa. Tun kafin a sallami kowa, tun magana tana matsayin jita-jita, lafiyar ma'aikatan wurin ta fara ja da baya in an gwada da ta sauran. Albashi bai ragu ba. Zaman rashin sanin gobe ne kurum. Kazalika an gano cewa maza waɗanda suke ganin shugabanninsu suna yi musu adalci, suna saurarensu, suna yaba musu in sun yi daidai, haɗarin ciwon zuciyarsu ya ragu da wajen kashi 30 bisa ɗari. Shugaban da yake ganin gaisuwa da bayani ɓata lokaci ne, ya kamata ya tsaya a kan wannan adadi.

Ba kowa ne ya yarda da dukan fassarar ba, kuma masu jayayyar suna da hujja. Wasu masana tattalin arziki sun ce mai yiwuwa abin ta ɗaya gefen ya fara: wanda ya tashi da rauni tun yarinta shi ne ba ya samun ƙarin girma, ke nan rashin lafiya ne ya ajiye shi ƙasa. Sannan a 2012 an haɗa bincike-bincike na ƙasashen Turai da suka ƙunshi mutum kusan 200,000, aka tarar matsin aiki yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 23 bisa ɗari. Ƙari ne na gaske, amma bai kai abin da aka zata da farko ba, kuma bai kama ƙafar ɓarnar taba ba. Wanda ya bar sigarinsa a baki ya ɗora laifi duka a kan darekta, ya ruɗi kansa.

Yawan awoyi ma yana da nasa lissafi. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya (OMS) da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (OIT) sun bayyana a 2021 cewa mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki saboda aikin awa 55 ko fiye a sati. Dokar aiki ta Nijar awa 40 ta yanka a sati, sai dai doka ba ta bin ɗan tireda ko direban babbar mota zuwa inda yake kwana.

Marmot ya shugabanci wani kwamitin OMS daga 2005 zuwa 2008, wanda ya kai wannan magana gaban gwamnatocin duniya. Ma'aikatan da aka fara aunawa a 1985 kuwa sun yi ritaya, waɗanda suke raye cikinsu tsofaffi ne. Masu bincike ba su rabu da su ba. An ci gaba da kiransu ana auna su, amma tambayoyin sun koma kan mantuwa da ƙarfin tafiya da ruɗewar tsufa. A nan ma an tarar waɗanda suka yi aiki a ƙananan matakai jikinsu ya riga na manyansu tsufa da shekaru, alhali duka sun daɗe da miƙa mabuɗan ofis.