Binciken jerin haƙoran yara

Binciken jerin haƙoran yara shi ne dubawar da likitan haƙori yake yi wa yaro domin ya ga yadda haƙoransa suke fitowa, da yadda na sama suke haɗuwa da na ƙasa, da kuma yadda muƙamuƙinsa yake girma. Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a yi wannan dubawa kafin yaro ya wuce shekara 7. Dubawar ba ta nufin za a sa wa yaro wayar haƙori nan take. Yawancin yara akan sallame su ne da ranar dawowa, likita ya ci gaba da bin girmansu.

Dalilin zaɓen shekara 7

Yaro yana da haƙoran farko guda 20, waɗanda yawanci sukan gama fitowa a shekara 3. Babba kuwa yana da 32. A wajen shekara 6 ne ake fara famfara, kuma a lokacin ne turame huɗu na dindindin suke fitowa a bayan haƙoran farko ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Shi ya sa iyaye da yawa suke ɗaukar su a matsayin waɗanda za su zube. Haƙoran gaba na dindindin sukan fito tsakanin shekara 6 da 8.

Da zarar turame da haƙoran gaba sun bayyana, likita yana iya gane inda cizon yaro ya dosa, alhali ƙashin muƙamuƙi yana cikin girma, ana iya juya shi. A Najeriya wannan lokaci ya yi daidai da aji 1 ko 2 na firamare.

Abin da ake dubawa

Likita yakan ƙirga haƙora, ya sa yaro ya cije, ya duba fuskarsa ta gaba da ta gefe. Idan da buƙata, akan ɗauki hoton muƙamuƙi don a ga haƙoran da suke cikin ƙashi. Har yanzu ana amfani da rabon da likitan Amurka Edward Angle ya fitar a 1899, wanda ya kasa rashin daidaiton cizo gida uku: inda turame suka haɗu daidai amma sauran haƙora suka karkace, inda jerin ƙasa ya koma baya, da inda ya turo gaba.

Alamomin da ba a jira da su

Akwai alamomin da suke sa a kai yaro ko bai kai shekara 7 ba:

- faɗuwar haƙoran farko da wuri saboda ruɓewa ko rauni;
- tsotson yatsa bayan shekara 4 zuwa 5;
- numfashi ta baki kullum, musamman a barci;
- haƙoran sama suna shigewa bayan na ƙasa, ko muƙamuƙi yana gocewa gefe idan an cije;
- wahalar tauna ko yawan cizon kumatu;
- haƙoran gaba da suka turo sosai, domin sun fi saurin karyewa idan yaro ya faɗi.

Alama ta farko ita aka fi rainawa. Turmin farko na ƙarshe ba ya faɗuwa sai tsakanin shekara 10 da 12. Idan aka cire shi tun a shekara 5 ko 6, turmin dindindin yakan matso ya cinye gurbin, haƙorin da zai fito daga baya ya rasa wuri. Likita yana iya sa ɗan ƙarfe mai riƙe gurbin.

Wushirya

Hausawa suna ɗaukar wushirya a matsayin ado, kuma a likitance ma ba cuta ba ce. Ratar da take bayyana tsakanin haƙoran gaba na sama a shekara 7 zuwa 10 takan rufe da kanta idan fiƙoƙin sama suka fito, wajen shekara 11 ko 12. Amma rata mai faɗi sosai tana iya zama alamar wani ƙarin haƙori da ya ɓuya a cikin ƙashi, wanda hoto ne kawai yake nuna shi.

Lokacin fara gyara

Yara kaɗan ne suke buƙatar gyara tun suna 7 zuwa 10, kamar faɗaɗa muƙamuƙin sama ko hana tsotson yatsa. Cikakkiyar wayar haƙori yawanci sai tsakanin shekara 11 da 14, bayan mafi yawan haƙoran dindindin sun fito. Takan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan a ba yaro marikin da zai hana haƙoran komawa inda suka fito.

A Kano

A Kano, kamar sauran sassan Najeriya, galibi ciwo ne yake kai yaro wurin likitan haƙori, lokacin da ruɓewa ta riga ta yi nisa. Mazauna cikin ganuwa suna da Asibitin Murtala Muhammad kusa da Ƙofar Mata, inda ake iya fara dubawa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya yana aiki tare da tsangayar koyar da likitancin haƙori ta Jami'ar Bayero, kuma can ake tura matsalolin da suke buƙatar ƙwararre. Asuwaki da buroshi ba sa miƙar da haƙori, amma suna kare haƙoran farko daga ruɓewa har lokacin faɗuwarsu ya yi.