Garmani: Magani a Gida, Annoba a Makiyaya

Duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Filinge a ƙarshen damina zai ga wani haki mai fure ruwan ɗorawa ya rufe bakin hanya, da burtali, da kewayen rijiyoyin Dallol Boso. Shi ne garmani, wanda masana tsirrai ke kira Sida cordifolia. Dangin kuɓewa ne da rama da yakuwa, amma shi ba mai shuka shi.

Kurfayawa sun daɗe da sanin amfaninsa. Ɓawonsa na da zare mai ƙarfi, ana tufka igiya da shi. Karansa in ya bushe ana ɗaure shi a yi tsintsiya, ko a saƙa shi a kare gida. Masu maganin gargajiya kuwa suna dandaƙa ganyensa mai yauƙi su ɗora a kan kumburi. A ƙasar Indiya ma, inda ake ce masa bala, tsohon magani ne. Sai dai likitoci na jan kunne game da shan sa, domin yana ɗauke da sinadarin efedirin mai tayar da hawan jini. A shekarar 2004 Amurka ta hana sayar da kayan ƙarin kuzari masu wannan sinadari.

Babbar matsalar tana daji. Bisashe ba sa son garmani yana ɗanye, sai su cinye ciyawar da ke gefensa su bar shi ya zubar da iri. Ta haka, bayan farin 1973 da na 1984, da kuma yawan kiwo wuri guda, ya samu fili ya mamaye makiyaya da dama a Nijar. Ga ƙasar Kurfai, wadda ke alfahari da shanun Azawak na gidan kiwon Tukunus, wannan ba ƙaramar asara ba ce. In ciyawa ta ƙaranta, nono ya ragu, saniya ta rame, farashinta ya faɗi a kasuwa, makiyayi kuma ya matsa kusa da gona, rigima ta tashi.

Ma'aikatan kiwo na ba da shawarar a tumɓuke shi tun kafin ya yi ƴaƴa, a watsa irin ciyawa mai kyau a gurbinsa, a kuma hutar da filin. Wanda aka tumɓuke ba zai tafi a banza ba, tun da igiya da tsintsiya na da masu saye. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.